Yadda Ake Rubuta "Babu Shi" da Turanci: Jagora Kan *Non-existent* da 'Yan'uwanta

A watan Fabrairun 2016 Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayyar Najeriya ta sanar da cewa ta goge sunaye 23,846 daga jerin masu karɓar albashi, bayan an tantance asusun ma'aikata ta hanyar lambar tantance masu asusun banki, wato BVN. Da Hausa kalma biyu sun gama zancen: ma'aikatan bogi. Mai rubutu da Turanci kuwa sai ya tsaya ya zaɓa. Zai ce *ghost workers* ne, ko *non-existent workers*, ko *fictitious names*? In ya ɗauki ta tsakiya, zai sa mata kara, wato karan ɗori (-), a tsakani, ko zai haɗe ta, ko zai bar fili? Ƙarshenta *-ent* ne ko *-ant*?

Na rubuta wannan jagora ne domin ɗan jarida, da ɗalibin da ke rubuta kundin kammala karatu, da ma'aikacin da aka ɗora wa rubuta rahoton bincike, da duk wanda ke tunani da Hausa amma aikinsa ya tilasta masa rubutu da Turanci. Yawancin masu tambaya da maganar kara suke farawa. Ni kuwa a mataki na biyu na ajiye ta, domin kuskuren kara ƙaramin abu ne in aka gwada shi da kuskuren zaɓen kalma. Na farko yana rage wa rubutu kyau. Na biyu yana iya ɗora wa mutum laifin da bai yi ba, ko ya wanke wanda ya yi.

Mataki na ɗaya: tambayi kanka, wane irin "babu" ne?

"Babu" tamu tana da faɗi. Babu ruwa a famfo, babu Jihar Gongola, babu Gizo, babu fayil ɗin a ofis: duk kalma ɗaya ce, mai sauraro ne ke gane bambanci. Turanci ya yanka wannan fili gida-gida, kuma kowane gida da kalmarsa. Kafin ka taɓa biro, ka san gidan da abinka yake.

Gida na farko shi ne abin da ake zaton akwai shi, alhali babu. Nan ne mazaunin *non-existent*. Kalma ce mai sanyi, ba ta zargin kowa, ba ta faɗin dalili, iyakarta ta ce an duba ba a samu komai ba. Misalin da ya fi fito da ma'anarta a yankinmu ya faru. A shekarar 1798 wani Bature mai zanen taswira, James Rennell, ya zana wasu dogayen duwatsu da suka ratsa Afirka ta Yamma, ya kira su Duwatsun Kong. Masu taswira suka yi ta kwafa daga juna kusan shekara ɗari, har sai da wani Bafaranshe mai suna Louis-Gustave Binger ya taka yankin da ƙafarsa tsakanin 1887 da 1889, ya tabbatar babu su. Garin Kong yana nan a arewacin Kwaddibuwa, amma jerin duwatsun *non-existent* ne. Rennell kuskure ya yi, ba damfara ba, saboda haka wannan kalmar ce ta dace.

Gida na biyu shi ne abin da wani ya ƙirƙira da gangan don ya yaudari mutane. Nan sai ka nemi *fictitious*. Sunan ƙarya a takardar albashi *a fictitious name* ne, kamfanin da aka ƙaga don a karɓi kwangila *a fictitious company* ne. *Bogus* ma tana aikin, amma ta fi kusa da maganar baka. *Ghost* da *phantom* kuwa sunaye ne da ake jingina su ga wani suna: *ghost workers*, *ghost schools*, *phantom projects*. Ba a sa musu kara. Ka sani cewa duk kalmomin wannan gida suna nuna yatsa. In ka rubuta *fictitious contracts* a rahoto, ka ce ke nan akwai wanda ya zauna ya shirya ƙarya. In kana da hujja, rubuta. In iyakar abin da ka sani shi ne ba ka ga aikin a ƙasa ba, ka tsaya a kan abin da idonka ya gani.

Gida na uku maƙwabcin na biyu ne, shi ya sa ake yawan shiga ɗaya a maimakon ɗaya. *Fictional* ta abin da aka ƙaga don labari ce, wanda mai bayarwa da mai sauraro duk sun san ƙage ne. Jarumar littafin soyayya *a fictional character* ce. Garin da marubuci ya ƙirƙira ya sa labarinsa a ciki *a fictional town* ne. Babu yaudara a nan. Ɗalibin adabi da ya rubuta *fictitious* a kan tauraron labari ba lalle a ce ya yi kuskuren nahawu ba, domin ƙamus ya ba ta wannan ma'ana ma, amma *fictional* ta fi tsabta. Akasin haka ne ke da haɗari: mai binciken kuɗi da ya rubuta *fictional receipts* ya sassauta laifi, ya mai da rasit ɗin jabu kamar tatsuniya.

A gefen wannan gida akwai *mythical* da *legendary*, kuma a nan ina roƙon a yi hattara sosai. *Mythical* tana cewa abin na almara ne, babu shi a zahiri, kamar Dodon tatsuniya. *Legendary* ba ta yanke wannan hukunci. Tana cewa labarin ya zo ta bakin kaka da kakanni, ko da mutumin ya rayu ko bai rayu ba. Shi ya sa masu rubuta tarihin Daura da Turanci suka fi cewa *the legendary Bayajidda*. Wanda ya sa *mythical* a wurin ya ɗauki ɓangare a muhawarar da masana ba su gama ba. Haka kuma abin da ya shafi gaibu. Musulmi ya yi imani da samuwar mala'iku da aljanu, to in ya rubuta *imaginary beings* ko *mythical creatures* a kansu, alƙalaminsa ya faɗi abin da zuciyarsa ba ta yarda da shi ba. Kalmar da ke nufin ba a ganin su ita ce *unseen*, ko kuma *supernatural*.

Gida na huɗu na abin da ke cikin tunani kawai ne: *imaginary*. Layin da ya raba duniya biyu a taswira *an imaginary line* ne. Abokan gaban da mutum ke zaton suna bin sa, alhali babu kowa, *imaginary enemies* ne. Kada ka rikita ta da *imaginative*, wadda yabo ce ga mai basirar ƙirƙira, ko *imaginable*, wato abin da za a iya kawowa a rai. *Hypothetical* kuma ta abin da aka ƙaddara ce don a yi nazari, irin "a ce mutum yana da naira dubu goma". Abin da aka shirya yi amma ba a fara ba *proposed* ne ko *planned*.

Gida na biyar: abin ya taɓa kasancewa, yanzu babu. Hukuma ko kamfani ko jiha da ta daina aiki *defunct* ce. An raba Jihar Gongola a 1991 aka fitar da Adamawa da Taraba, saboda haka ana rubuta *the defunct Gongola State* ko *the old Gongola State*. Kamfanin jiragen sama na Nigeria Airways ya daina tashi a 2003, shi ma *defunct* ne. In ka ce *non-existent* a kansu, ka share tarihin dubban mutanen da suka yi aiki a ciki. Dabba ko tsiro ko harshen da ya ƙare a doron ƙasa *extinct* ne. Ga kuma wani tarko da ke kama mutane da yawa: *extant*. Tana kama da *extinct* a ido, amma kishiyarta ce. Takardun gwamnati a Najeriya suna yawan cewa *extant laws* ko *extant rules*, ma'ana dokokin da ke aiki har yanzu, ba waɗanda aka soke ba.

Gida na shida ba na rashi ba ne ko kaɗan, sai dai "bogi" da "jabu" suna jan mu zuwa gare shi. Takardar shaidar digiri ta jabu tana nan, ana iya riƙe ta a hannu. *Fake* ce ko *forged*. Kuɗin jabu da maganin jabu *counterfeit* ne. Jami'ar da aka buga sunanta a kan takardar ce ka iya zama *non-existent*. In kuwa tana da gini da ɗalibai amma hukumar kula da jami'o'i ta Najeriya, wato NUC, ba ta ba ta izini ba, to *unapproved* ce ko *illegal*. Haka shagon da ke ciniki amma bai yi rajista da hukumar rajistar kamfanoni ta CAC ba: *unregistered* ne, ba *non-existent* ba.

Na ƙarshe, abin da yake akwai amma ba ya inda ake nemansa. Fayil ɗin da ya ɓace *missing* ne, malamin da bai zo aji ba *absent* ne, maganin da ya ƙare a kantin asibiti *unavailable* ne ko *out of stock*. Ginin da aka fara aka watsar *abandoned* ne ko *uncompleted*.

Mataki na biyu: zaɓi Turancin da za ka bi, sannan ka yanke maganar kara

Idan ka tabbata *non-existent* kake so, sai maganar karan ɗori. Amsar a taƙaice: rubutu biyu ne daidai, ɗaya kuskure.

*Non-existent* da kara shi ne al'adar Birtaniya. Haka za ka same ta a ƙamusun Oxford da Cambridge. *Nonexistent* a haɗe shi ne al'adar Amurka. Haka Merriam-Webster ya rubuta ta, kuma manyan littattafan ƙa'idar rubutu na can, wato na Chicago da na AP da na APA, duk sun fi son a manna *non* ga kalmar da ke binta. *Non existent* da fili a tsakani kuwa ba ta da gida a ko'ina. *Non* ɗafa-goshi ce, ba ta tsayawa ita kaɗai a Turanci, sai a 'yan kalmomin da aka aro daga Latin kai tsaye, irin su *non sequitur* da *persona non grata*.

Wanne za ka bi? Makarantun Najeriya da Gana Turancin Ingila suka gada, jaridunmu ma galibi shi suke bi, haka Majalisar Ɗinkin Duniya ƙamusun Oxford take dogaro da shi a takardunta. Saboda haka shawarata ita ce ka sa kara, sai in wanda kake rubuta wa ya nemi akasin haka. In mujallar ilimi ta Amurka za ka aika wa, ka haɗe. Ɗalibin da sashensa ya ce a bi tsarin APA ya tambayi malamin da ke duba shi ko ana nufin jera manazarta kawai ne, ko har da rubutun kalmomi, domin sassa da yawa na farkon kaɗai suke nufi.

Abin da ba a yafewa shi ne gauraya. Wanda ya rubuta *colour* da *centre* ya tafi da *non-existent*. Wanda ya rubuta *color* da *center* ya tafi da *nonexistent*. Sunan da aka ciro daga kalmar shi ma ya bi sahu: *non-existence* ko *nonexistence*.

Kada kuma ka yi mamaki in ƙamus na yau ya saɓa wa na jiya. Kara abu ne da ke raguwa a Turanci. A bugun 2007 na ƙamusun Shorter Oxford an cire shi daga kalmomi kusan 16,000: *bumble-bee* ta koma *bumblebee*, *ice-cream* ta koma *ice cream*. Saboda haka ka duba sabon bugu ko shafin ƙamusun a intanet, ba wanda ka gada tun sakandare ba.

Mataki na uku: wuraren da ba ka da zaɓi

Ko wane Turanci kake bi, in kalmar da ke bayan *non* ta fara da babban baƙi, dole a sa kara: *non-Muslim*, *non-Nigerian*, *non-Hausa*. Akwai kuma waɗanda suka daɗe da haɗewa a ko'ina, ba a raba su: *nonsense*, *nondescript*, *nonentity*. Wannan ta ƙarshen ka kiyaye ta. A maganar yau da kullum tana nufin mutumin da ba shi da wata daraja, raini ce, ba bayanin rashin samuwa ba.

Sai sifofin da aka gina da kalma biyu ko fiye. In sun zo kafin suna, kara ne ke ɗaure su don mai karatu ya san tare suke: *a made-up name*, *the now-defunct airline*, *a yet-to-be-built hospital*. In sun zo bayan aikatau, sai a sake su: *the airline is now defunct*, *the hospital is yet to be built*. In *made up* aikatau ce, ba ta ɗaukar kara: *he made up the name*. Bayanau mai ƙarewa da *-ly* ba ya buƙatar kara ko a ina ya zo: *an entirely fictitious address*, *a purely imaginary threat*. Ita *non-existent* wannan doka ba ta shafe ta ba. In ka zaɓi mai kara, karanta yana nan ko kafin suna ko bayansa.

*So-called* kullum da kara take kafin suna, kuma tana ɗauke da shakka. In ka sa ta, kada ka ƙara alamar zance a kan kalmar da ke binta, aiki ɗaya suke yi.

Mataki na huɗu: haruffa

*Existent* da *existence*, da *e*. Ba *existant* ba, ba *existance* ba. Abin da ke ruɗa mutane shi ne *resistant* da *assistant*, waɗanda suke da tushe ɗaya da ita a Latin amma suka ɗauki *a*. Kunne ba zai taimaka ba, domin a bakin Bature wasalin ƙarshen duk ɗaya yake fita. Hanyar da ta fi sauƙi ita ce ka haddace ta tare da abokan tafiyarta: *existent, persistent, consistent, insistent*.

'Yan'uwanmu na Nijar da Kamaru da Chadi da suka yi karatu da Faransanci suna da nasu tarkon. A Faransanci *inexistant* ce kalmar yau da kullum, da *in* a gaba da *a* a baya, kuma hannu yakan kai ta cikin Turanci ba tare da an lura ba. Turanci yana da *inexistent* a manyan ƙamus, amma ba kasafai ake amfani da ita ba, kuma a tsohon rubutun falsafa tana da wata ma'ana ta daban, wato abin da yake a cikin wani abu. Ka bar ta. *Unexisting* da *unexistent* ma ka bar su. *Non-existing* ana ganin ta jefi-jefi, za a gane ka, amma ba ita ce zaɓin gogaggen marubuci ba.

Sauran masu tuntuɓe: *fictitious* da *t* a tsakiya, ba *ficticious* ba, *imaginary* da *a*, ba *imaginery* ba, *phantom* da *ph*, *defunct* da *extinct* kowace da *ct* a ƙarshe.

Mataki na biyar: zaunar da kalmar a jimla

Abu ko dai akwai shi ko babu, saboda haka ba a cewa *very non-existent* ko *more non-existent*. In nufinka akwai shi amma bai taka kara ya karya ba, sai ka ce *almost non-existent* ko *virtually non-existent*. Wannan *virtually* tana da muhimmanci. Wanda ya rubuta *electricity is non-existent in the town* alhali ana kawo wuta awa biyu a rana, ya ba mai musu ƙofar da zai rushe dukan rahotonsa.

Sau da yawa ma aikatau ya fi sifa ƙarfi. *The school does not exist* ta fi *the school is non-existent* kai wa ga zuciya, kuma ta raba ka da maganar kara gaba ɗaya. Haka *there is no such school*. Ka lura dai *exist* ba ta son *-ing* a irin wannan jimla: *the school is not existing* kuskure ne da ya yaɗu, kuma "makarantar ba ta nan" ce ke leƙowa ta ƙarƙashinsa. Bayan *does not* kuma ba a ƙara *s*: *does not exist*, ba *does not exists* ba.

Mataki na shida: gwaji da dubawar ƙarshe

A ce an tura ka ƙauye ka duba ayyuka uku da aka biya kuɗinsu, ka dawo ka rubuta: *All three projects are non existant.* Kafin ka gyara haruffa, koma kan abin da ka gani. Rijiyar burtsatse: ka zaga da mai unguwa, babu rami, babu tanki, ba wanda ya taɓa ganin injin haƙa. Wannan ita ce *non-existent*. Ajujuwa biyu: an ɗora bulo har zuwa linta, babu rufi, ciyawa ta fito a ciki. Wannan *abandoned* ce. Ɗakin shan magani: ginin yana nan da fenti, ƙofa a kulle, babu ma'aikaci babu magani. Wannan *not in use* ne ko *non-functional*. Jimlar da za ta tsaya a gaban kowane kwamiti ita ce: *The borehole does not exist, the classroom block was abandoned at lintel level, and the dispensary is complete but not in use.* In daga baya ka gano cewa kamfanin da aka ce ya haƙa rijiyar ba shi da rajista, ba shi da ofis, kuma sunayen daraktocinsa na ƙarya ne, a lokacin ne *fictitious* za ta shigo.

Da ka gama, saita harshen gyaran rubutu a Word zuwa Turancin Birtaniya ko na Amurka, gwargwadon wanda ka zaɓa. Danna Ctrl da F, ka nemi *non*, ka bi su ɗaya bayan ɗaya ka ga ko duk salo ɗaya suka bi. Sake neman *existan*. Duk inda ta fito kuskure ne. In kara ya faɗo a ƙarshen layi ya raba maka kalma, kuma ba ka son haka, goge shi ka danna Ctrl da Shift da maɓallin kara tare, za ka sami wanda ba ya rabuwa. Ka tabbata gajeren kara ka sa, ba dogon da ake raba sassan jimla da shi ba, kuma babu fili a gabansa ko a bayansa. Su *fictional* da *fictitious*, da *imaginary* da *imaginative*, da *extant* da *extinct* kuwa, kwamfuta ba za ta ja musu jan layi ba tunda duk kalmomi ne na gaskiya, sai ka nemo kowace da kanka ka karanta jimlarta daga farko.